Jakar Wasiƙun Lodume

Ranar Alhamis da la'asar Lemuna ya shigo Lodume, bayan babur ɗinsa fayau, ba jakar wasiƙu sai igiyar roba tana jan ƙasa. Kafin ya kashe inji an kewaye shi. Wasu tun hantsi suke jira a gindin bagaruwar ofishin Cif: uwar da ɗanta ke soja, malaman firamare biyu, da wata budurwa da aka ce takardar kiranta makarantar horon malamai tana cikin jakar.

"Ina jaka?" in ji Cif.

"An ɗauke."

"A ina?"

"A mashigin Ntarak. Na kewaya bayan dutse, na dawo babu."

"Kewayawar minti nawa?"

Lemuna ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Wannan shirun shi ya kai shi ɗakin ajiyar masara na ofishin, aka sa kwaɗo. Cif ya aika wa 'yan sanda ta rediyo, suka ce motarsu za ta zo ranar Litinin.

Mutanen Lodume ba su ji tausayinsa ba, kuma da dalili. Shekara biyu ke nan da aka yanka ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da lambar gidan wayarsa mai alƙaluma biyar. Lodume ce tsohuwa, ita ke da coci da makaranta da rijiyar da ba ta ƙafewa. Amma Sarakoi, wadda jiya-jiya rumfunan direbobi ce a bakin sabon titi, ita aka ba gidan waya da lamba. Yanzu duk ɗan Lodume da ke son wasiƙa ta same shi, dole a rubuta Sarakoi da lambarta a ƙasan sunansa. Akwai tsofaffin da sai sun tofar da yawu kafin su faɗi adireshin nasu. Shi kuwa Lemuna, ɗan Lodume haifaffe, ya je ya karɓi aikin kai-da-kawo a hannun 'yan Sarakoi. Bai yi makaranta ba, ba ya karanta suna ko ɗaya, amma lambobin da ke wuyan jakunkuna ya san su kamar tsagar kunnen shanun ubansa.

"Ya sayar musu da mu, yanzu ya sayar da wasiƙunmu," wata ta ce, da ƙarfi don matarsa ta ji.

Naramat ta ji. Tana tsaye a bayan taron da 'yarta Namunyak, mai wata tara, goye a baya. Ƙasa take kallo, kamar yadda ta saba. Mahaifinta shi ne mai bin sawun shanun sata na duk wannan fili, bai haifi namiji ba, sai ya riƙa tafiya da ita tun tana 'yar ƙarama. Bayan rasuwarsa maza kan zo wurinta a ɓoye in akuya ta ɓata, su yi mata dariya a fili.

Da safiyar Juma'a ta kai wa mijin shayi a gora, ta miƙa ta 'yar tagar ɗakin ajiyar.

"Baban Namunyak, ina ka je?"

"Na faɗa wa Cif."

"Ni ba Cif ba ce. Sati uku da suka wuce na bi ta mashigin nan neman itace. Man da babur ɗinka ya ɗigar a ƙasa ya kai faɗin tafin hannuna. Wace irin kewayawa ce wannan, ko haihuwa ka je yi?"

Ya yi tari, ya juya mata baya. "Ki koma gida, rana za ta daki yarinya."

"Sawun takalmin mace mai tsini na gani kusa da naka."

"Naramat, ki koma gida."

Ta karɓi gorar ta tafi. In motar Litinin ta tafi da shi, aiki ya tafi, shekaru za su tafi, Namunyak za ta fara tafiya da magana ba uba a gida, a garin da zai riƙa kiranta 'yar ɓarawon wasiƙu. Wannan ne ba za ta yarda da shi ba. Maganar mai takalmi kuwa, za ta fito da shi tukuna, sannan su yi ta.

Ta biya kantin Mzee Paulo. Tsawon shekara ashirin kafin zuwan lambobi, a wannan kanti motar kaya ke sauke wasiƙun yankin duka, har yanzu akwai kantocin katako uku a bango, wayam, sai ƙura. Tsohon yana zaune a ƙofa, gwiwarsa ɗaya a kumbure an naɗe da tsumma. 'Yarsa Silantoi ce ke riƙe da kantin. Ita ta ba Naramat 'yar akuya ranar aurenta, tun daga nan ba sa kiran juna da suna sai Pakine, wato wadda akuya ta haɗa ku.

"Zauna, Pakine, kawo min yarinyar," in ji Silantoi. Ta ɗora Namunyak a cinya kusa da tata 'yar, ta zuba shayi. "Ni ban yi mamaki ba. Tun ranar da kika gaya min yana barin babur a mashigi duk Alhamis na san 'yar Meru ɗin nan ce."

"Gatwiri ta gidan waya?"

"Wa kuma? Daga ƙasan dutse aka ɗauko ta aka ɗora mana a kan kujera. Ni da na gama sakandare na je neman aikin, ko takarduna ba su buɗe ba. Ta yaudare shi bayan dutse, nata mutanen sun ɗauke jaka, a ce 'yan Lodume ɓarayi ne, a daina kawo mana ma gaba ɗaya."

"Ke kin gan ta. Yaya take?"

Silantoi ta taɓe baki. "Kin dai san irinsu. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar akuya a kan siminti."

Wata goma sha takwas Naramat tana cin tuwo da sunan matar nan a bakin mijinta. Madam Gatwiri ta ce kada jaka ta taɓa ruwa. Madam Gatwiri ta ce mai lamba ɗaya ba ya hawa kan mai lamba biyu. Ba ta taɓa ganinta ba, amma ta gama ƙera ta a ranta: siririya, fara, mai ƙamshin sabulun birni. Da azahar ta hau motar masu akuya zuwa Sarakoi.

Gidan wayar ɗaki ɗaya ne da jeren ƙananan akwatuna a bango. Bayan kanta akwai wata mata mai jiki, furfura ta fara mata a goshi, tana zazzage jakunkuna. Naramat ta leƙa ta gefen kanta ta tsura wa ƙafafunta ido. Ƙafafu ne manya, a kumbure, cikin takalmin yadi da aka take bayansa.

"Ƙanwata, wani abu ya faɗi ne, ko ƙafata kika zo saye?"

"Madam Gatwiri nake nema."

"Ga ta gabanki, duk da faɗinta."

Naramat ta ji kamar ta kai naushi ta sami iska. Ta faɗi ko ita wace ce. Nan take matar ta jawo mata kujera, ta ɗebo ruwa, ta ce a sauke yarinyar ta sha iska.

"Mijinki bai taɓa ɓatar min da ko katin gaisuwa ba. Amma hatimina ne a wuyan jakar nan, dole na kai rahoto. In ba a gan ta ba, shi zai tafi, ni ma in bi bayansa."

"Me ke ciki?"

"Wasiƙa sittin da 'yan kai. Ɗauri uku, kamar kullum. Duk mutanenku akwati uku suke aro: na makaranta, lamba huɗu, na coci, bakwai, na Cif, sha ɗaya. Ni ban san kowa ba, lamba nake bi. Lambar yanki ta kawo ta nan, lambar akwati ta sa ta a ɗauri, shi ke nan."

Tana magana hannunta na aiki. Duk jakar da ta zazzage sai ta zura hannu har ƙasa, ta juyo cikinta waje, ta kakkaɓe, ta ninke gida huɗu.

"Me ya sa kike juya su?"

"Shi ne abu na farko da ake koya wa mai wannan aiki. Wasiƙa takan maƙale a kusurwa ta shekara. In ka saba, ko buhun gawayi ka zazzage sai ka juya shi." Ta dubi Naramat ta saman tabarau. "Na san abin da ake faɗa a kaina a Lodume. Ni ban roƙi a kawo ni nan ba. 'Ya'yana uku suna Meru wurin mahaifiyata."

Naramat ta kwana wurin wata gwaggonta. Da sassafen Asabar motar madara ta sauke ta a mashigin Ntarak, tafiyar awa biyu a ƙafa daga Lodume. Busasshen rafi ne mai faɗi, duwatsu sun tare masa iska, sawu kan yi kwanaki a yashinsa. Ta shayar da Namunyak, ta ɗaure ta tamau, ta rufe mata kai da mayafi, sannan ta fara.

Ga inda babur ya tsaya, ga tabon mai. Ga sawun mijinta ya nufi bayan dutse, ga tsinin takalmin macen ya zo ya same shi. Wancan karon a nan ta tsaya, zuciya ta hana ta ƙarasawa. Yau ta bar na mijin ta bi na macen, ta ga inda ya fito. Ya zagaya dutsen, ya gangara zuwa wata babbar bishiya da ba a hangowa daga hanya. A gindinta akwai sawun tayar mota, da ramukan ƙafafun benci, da sawun mata da yara rututu. Ta tsinci guntun auduga da fankon ƙwayoyi.

Wata tsohuwa na yasar ruwa a cikin yashi. Suka gaisa.

"Iya, motar wa ke tsayawa nan?"

"Ta asibiti mana, duk Alhamis. Da 'yar nas ɗin nan mai takalmi kamar ƙahon barewa."

"Mai babur yana zuwa?"

"Shi ba ya shiga layi. Yana laɓewa sai mun watse, sannan ta zagaya ta kai masa. Masu tarin fuka ai haka suke, kunya ta fi ciwon cin su. An ce in wurin aikinsa suka ji za su sallame shi."

Naramat ta zauna a ƙasa. Ta kwance goyo, ta kara kunnenta a ƙirjin 'yar, ta daɗe tana saurare. Numfashin na fita sumul. Wata nawa yana kwana ɗaki ɗaya da yarinyar nan, yana tari yana cewa ƙurar hanya ce? Kishin da ta yi sati uku tana kiwo ya fita, wani abu da ya fi shi zafi ya shiga wurinsa. Ta miƙe ta koma inda babur ya tsaya.

A gefen hagu na tabon man, inda mai kwance jaka zai tsaya, garken awaki ya tattake komai. Da farko ta ɗauka rashin sa'a ce. Sai ta dubi ƙayoyin bakin rafin, ga 'ya'yan bagaruwa zube, ko ɗaya ba a taɓa ba. Akuya ba ta wuce 'ya'yan bagaruwa sai in ana kora ta da sanda. An kora su sun wuce, an juyo da su sun sake bi ta wurin. Kamar ashirin ne, a cikinsu akwai wata mai kofaton baya da ya yi tsawo ya lanƙwashe, tana jan layi a yashi.

Ta bi su zuwa gabas. Bayan tafiya mai ɗan nisa, a inda yashi ke da laima, ta sami abin da awakin suka tsallake: sawu ɗaya na takalmin taya, ƙaramar ƙafa, diddige ya nutse kamar na mai ɗauke da kaya a baya. Daga nan awakin suka tsaya suka yi kiwo, sawun mutum ya ɓace a kan dutse. Ta ɗaga kai. Can sama akwai wata tsaga, hawanta sai da hannu. Ta ƙara ɗaure goyo ta hau.

Jakar tana ciki, an juya cikinta waje, an ninke gida huɗu. An jera duwatsu an ɗora wasiƙun a kai don gara, an danne da wani faffaɗan dutse don iska. Ko ɗaya ba a buɗe ba. Ɗauri uku ne, amma ba da zaren gidan waya ba, da ɓawon itace. Naramat ta yi aji biyar, tana iya haɗa suna. Ta duba ɗauri na farko ba tare da ta kwance ba, tana ɗaga gefen ambulan: akwati huɗu, akwati sha ɗaya, akwati bakwai, a cakuɗe. Amma sunayen duk na cikin gari ne. Na biyu duk masu shayar da dabbobi a rijiyoyin ƙasa. Na uku 'yan kan dutse. A cikin na ukun har da wasiƙar Lesiamito, wanda rugarsu ta hau dutse watan jiya kawai saboda fari.

Gari, rijiyoyi, dutse. Kantocin katako uku na kantin Mzee Paulo. Ta zauna a bakin tsagar har Namunyak ta fara ƙorafi.

Ba ta taɓa komai ba. In ta sauko da jakar a hannunta za a ce mijin ne ya faɗa mata ta taga. Da yamma ta sami Cif, ranar Lahadi da sanyin safiya ta kai shi da wani dattijo, ta nuna musu 'ya'yan bagaruwa, da layin kofato, da sawun nan ɗaya. Cif da kansa ya hau ya sauko da kayan yana haki.

"Kin samo jaka, 'yar mai sawu, amma ba ki wanke shi ba. Shi ma zai iya ɓoyewa."

"Baba Cif, kada ka kwance ɗaurin nan. Ka sa a zo da Madam Gatwiri gobe, ka kira Mzee Paulo da iyalinsa."

Bayan an taso daga coci ta bi ta bayan kantin. A garken Mzee Paulo, wata baƙar akuya na jan ƙafar baya, kofaton ya lanƙwashe kamar cokali. Silantoi na tatsa.

"Pakine, an ga jaka," in ji Naramat.

Hannun Silantoi bai tsaya ba. "Madalla."

"Gobe za a buɗe ta gaban kowa. Da wanda ya ajiye ta zai je wurin Cif yau da ƙafarsa, da abin ya zo da sauƙi. Ba a taɓa wasiƙa ko ɗaya ba."

"Ki ce 'yar Meru ce. Wa zai musa miki? Duk Lodume za ta tsaya a bayanki, har waɗanda suka zage ki ranar Alhamis."

"In na ce ita ce, za a ce da mijina suka haɗa baki, su tafi tare. Kuma na ga ƙafarta, Pakine. Ke ma kin gani tun kafin ni."

Silantoi ta ci gaba da tatsa, madarar na ƙara a cikin gora. Naramat ta jira har aka gama tatsar, sannan ta tafi.

Litinin da hantsi motar 'yan sanda ta iso, Gatwiri na gaba kusa da direba. Garin duka ya taru a gindin bagaruwa. An fito da Lemuna an zaunar a ƙasa. An kawo wa Mzee Paulo kujera, Silantoi na tsaye a bayansa da 'yarta a hannu. Cif ya ajiye jakar da ɗauri uku a kan tebur, ya ce matar wanda ake tuhuma za ta yi magana. Wani daga baya ya ce yau kuma mata ke shari'a, aka yi dariya.

Naramat ta ɗaga jakar. "Haka aka same ta, a juye, a ninke. Ɓarawo wuƙa yake sa wa jaka. Wannan aikin mai aikin wasiƙa ne." Idanu suka koma kan Gatwiri, ana gunaguni mai daɗi. "Madam, wannan ɗaurinki ne?"

Gatwiri ta gyara tabarau ta duba. "A'a. An kwance nawa an sake. Huɗu da bakwai da sha ɗaya duk a haɗe. Wannan ai hauka ne, ba tsari."

"Karanto mana sunayen ɗauri ɗaya."

Ta fara karantowa. Ba ta kai suna na shida ba Mzee Paulo ya buga sandarsa a ƙasa.

"Hauka a ina? Waɗannan 'yan rijiyoyi ne, mutum ɗaya zai kai musu in ya je shayarwa. Ke da kike bin lamba, wasiƙa ta kwana wata a akwatin makaranta mai ita yana..."

Ya tsaya. Naramat ta ga lokacin da abin ya sauka a fuskar tsohon, ta kau da kai.

"Mijina ba ya karanta suna," ta ce. "Kowa ya sani, kun sha yi masa dariya a kai. Madam kuma ba ta san wa ke shayarwa a ina ba, balle ta san Lesiamito ya hau dutse watan jiya."

"Ni ne," in ji Mzee Paulo. "Ni na ɗauka. Sajan, zo ka kama ni."

Sajan ya dubi kumburarriyar gwiwar tsohon, ya dubi Cif, wanda jiya ya hau tsagar da kansa. Naramat ta zaro ambulan ɗaya, ta durƙusa gaban tsohon kamar yadda 'ya ke yi, ta sa masa a hannu.

"Baba, ta wace ce wannan?"

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. Ambulan ɗin a kife take a hannunsa bai sani ba. Mutane suka fara duban juna.

"Ku bar shi." Silantoi ce. Ta zagayo ta karɓe wasiƙar daga hannun uban. "Shekara goma bai ga rubutu ba. Duk wasiƙar da kuka karɓa a kantinmu kuna cewa Mzee Paulo ya san kowa, ni na ware ta, tun ina aji bakwai. Aka zo da lamba aka ce ban iya ba." Ta dubi Gatwiri sama da ƙasa. "So nake jaka ɗaya ta ɓace a hannunki a san ke ma ba ki iya ba. Bayan sati biyu in kai awaki in tsinto ta, kowa ya karɓi tasa. Ban zaci za a rufe Lemuna ba."

"Kwana huɗu yana rufe," in ji Naramat, "kina ba ni shayi."

"Ke fa? Wa ya gaya min babur na tsayawa shi kaɗai duk Alhamis? Wa ya zo yana kuka a kan takalmi?"

"Ni ce." Naramat ta juya ta fuskanci taron. "Na zargi mijina da matar da ban taɓa gani ba, na kai ƙarata inda bai kamata ba. Inda yake zuwa na gano shi, ba wurin mace ba ne, ba kuma maganar gari ba ce. Cif zai ji daga bakinsa."

Lemuna ya ɗago ya dube ta a karo na farko.

Cif da sajan da dattawa suka koma gefe suka daɗe. Rahoto ya riga ya tafi, sajan ya ce, dole wani ya je ya yi bayani a babban ofishi, amma tun da ba a buɗe ko ɗaya ba zai rubuta hakan. Gatwiri ta ce ita ma za ta rubuta. Silantoi ba ta gode ba. Ta dubi mata tana neman wadda za ta ba 'yarta, idonta ya wuce ta kan Naramat kamar ba kowa a wurin, ta miƙa wa wata maƙwabciya, ta hau bayan mota.

Cif ya kai hannu zai kwance ɗaurin don ya mayar da su bisa lambar akwati.

"Bar su haka," in ji Gatwiri a hankali. "Za su fi saurin isa."

Silantoi ta ji, don ta juyo. Sai motar ta tashi.

Ba wanda ya zo ya ce wa Naramat sannu. Matan da suka yi shekaru suna ɗiban ruwa tare suka wuce ta suna gyara mayafi. Ta tona asirin 'yar gari a gaban matar gidan wayar Sarakoi, kuma ta san za a daɗe ba a manta mata ba. Ta tsaya inda take har Lemuna ya taso, jikinsa duk ƙaiƙayin masara, ya miƙo hannu zai ɗauki 'yarsa.

Ta ja da baya taku ɗaya.

"Ba yau ba. Sai nas ta duba ta, ta kuma ce min ba komai."

Hannun ya tsaya a iska. "Kin sani."

"Na sani. Da ka gwammace gidan yari da ka faɗa min?"

"Na ji tsoron ki ɗauke ta ki koma gidanku."

"Da zan tafi, da tun Alhamis na tafi." Ta gyara goyon, ta ɗauki gorar shayinsa daga ƙasa. "Wuce gaba mu je gida. Kada ka sunkuyar da kai, duk suna kallo."